Wanda Ya Rama Wa Ƙanwarsa

Bakanike ya shaƙo wuyan mijin ƙanwarsa, ya buga kansa da teburin shagon ɗinki. Almakashi da zare suka watse a ƙasa.

"Ƙanwata za ka fasa wa baki? Mata aka ba ka ko jaka?"

"Yaya, ka yi wa Allah, sharrin zuciya ne," in ji telan, jini na zuba daga hancinsa.

"Wane ne yayanka? Amana aka ba ka, ɗan iska! Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, bai taɓa dukan mace ba. Kai wa ya koya maka?"

Ya ƙara masa naushi biyu a ciki, sai da maƙwabta suka ɓamɓare shi. Wasu na cewa ai haka ake son ɗan'uwa.

Daga nan ya ɗauki ƙanwar a babur, ya kai ta asibitin unguwa. Leɓenta ya tsage, idonta ɗaya ya kumbura ya rufe. Tana kuka, yana rantse mata cewa ta bar gidan azzalumi ke nan.

Wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya ta wanke raunin, ta jawo kati. Sai ta ɗago ta ƙura masa ido.

"Malam, ai na gane ka. Me zan rubuta? Ita ma santsin banɗaki ne ya kwashe ta, kamar matarka da ka kawo mana ranar Talata da karyayyen haƙarƙari?"

Ƙanwar ta daina kuka. Ta juyo tana kallonsa da idon da ya rage mata.