Faifan da Ke Juya Kansa

Ranar da faifan ya juya, mijina ya kira maƙwabta su shaida. Tun da ya bar gyaran rediyo yake ɓalle maganaɗisu daga tsofaffin lasifiku yana liƙa wa faifan nan. Ni kuwa ina bayan katakon da ya raba ɗakinmu biyu, ina taka keken ɗinkin da ke ciyar da mu.

"Ku duba da kyau," in ji shi. "Babu lantarki, babu batir, babu gumin kowa. Da kansa yake tafiya."

Wani zai ɗauki bidiyo, sai mijina ya ƙwanƙwasa katakon da teburinsa ke jingine da shi. "Maman yara, tsayar da ƙarar nan, kina ɓata mana aiki."

Na ɗage ƙafata. Katakon ya daina rawa, teburin ma haka. Faifan da ke kan teburin ya yi lilo, ya tsaya cak.

"Wa ya taɓa min?" in ji mijina.

Mai riga na jira, kuma ba a yi cefane ba. Na mayar da ƙafata kan keken, ina ji suka ɗau tafa masa.