Tsohon Batir Cikin Sabuwar Riga

Injiniya bai ɗago kai ba da aka ajiye wayar a teburinsa. Dama ba ya kallon fuskar kowa. Waya hamsin ke bi ta hannunsa a yini, mutum kuwa a wurinsa ba komai ba ne illa abin da ke ɗauko waya ya kawo, sannan ya tsaya yana cika shi da surutu.

"Me ya same ta?"

Wani dattijo ne ya amsa. Ya ce ba gyara suka kawo ba, tambaya ce. Wayar ƙaninsa ce, marigayi, wadda ke tsaye a bayansa kuma matar marigayin ce. Wata biyar da suka wuce asma ta taso wa ƙanin yana shi kaɗai a sito, da rana tsaka. Aka tarar da shi kwance tsakanin buhuna, wayar na damƙe a hannunsa, babu ko ɗigon caji. Bai samu ya kira kowa ba, asibiti kuwa tafiyar minti goma ce.

"Ita ke sa masa caji kullum, ranar ba ta sa ba," in ji dattijon. "Macen da ta kasa wannan, ita zan bar wa 'ya'yan ƙanina uku?"

Matar ta sha rantsuwa cewa da idonta ta ga wayar ta cika kafin mijinta ya fita. Ba wanda ya saurare ta. Dangi sun riga sun yanke cewa da an yi hutun makaranta za a kwashe yaran. Abu ɗaya ta roƙa, a kai wa masani wayar ya duba.

"Ita ta nace sai wurinka," dattijon ya ƙara, yana hararar ta. "Shago ashirin muka wuce."

Wannan ta yi wa Injiniya daɗi har cikin rai. Ya gyara zama, ya hura wa bayan wayar iska mai zafi har gam ɗin ya saki, ya ɓamɓare murfin. Kawunan sukurorin duk sun ƙarje, alamar an taɓa shiga. Ya duba bakin caji, lafiya lau. Ya ɗora mita a kan batirin, ya ja tsaki. Ya sa ɗan matsefi ya ɗaga gefen takardar da ke jikinsa, sai ga wata tsohuwar takarda a ƙasa, ta ƙoƙe.

To, a wannan sana'a akwai al'ada wadda ba a koyar da ita amma kowa ya iya: ba ka buɗe waya ka rufe ba ka zagi wanda ya buɗe ta kafin kai ba. Da haka ake kama kwastoma, ka kashe na baya a idonsa kai ka zama mai ceto. Injiniya ya fi kowa ƙwarewa a nan, ga shi yau ya samu 'yan kallo. Ya ƙwala wa maƙwabtansa kira, mai sayar da kwandon waya da mai liƙa gilashi suka leƙo.

"Ku zo ku ga rashin tsoron Allah! Tsohon batir aka yi wa sabuwar riga. Ku dubi liƙin, ko kumfa babu. Wannan hannu ya iya aiki, imani ne bai da shi."

Ya jona wayar a wuta. Ba a yi minti ashirin ba ta nuna ta cika. Ya zare, ya danna kira, kafin a ji ƙara ta biyu fuskar ta yi baƙi ƙirin.

"Kun gani? Haka take yi. Ko kwana uku Hajiya ta bar ta a caji, kira ɗaya ba za ta ɗauka ba. Alhaji, baiwar Allahn nan ba ta da laifi. Wanda ya sa batirin nan shi ya kashe maka ƙani."

Dattijon ya laluba benci ya zauna. Wata biyar yana gasa wa matar ƙaninsa magana, ya hana matan gida kai mata ko gaisuwa, yanzu ga shi ya kasa haɗa ido da ita. Abin takaicin, ko haƙuri bai iya ba ta ba.

Sai a lokacin matar ta yi magana, muryarta a bushe.

"Ka rubuta min, Injiniya. Dangi ba za su yarda da bakina ba."

Ya yago takarda daga littafin shago, ya rubuta komai dalla-dalla, har ya ƙara da cewa irin wannan mai gyara hukuma ya kamata a kai shi. Ya sa hannu, ya buga hatimi da ƙarfi, maƙwabtan biyu suka sa nasu a matsayin shaidu.

Ta karɓa ta karanta har ƙasa, ta miƙa wa dattijon. "Yaya, riƙe wannan. Yarana sun zauna ke nan?"

Ya gyaɗa kai.

Daga nan ta kwance bakin mayafinta ta ciro wata 'yar takarda da ta sha ninki. Ta ce a aljihun rigar marigayi ta tsince ta ranar da ake rabon kayansa.

"Da ita na fara nuna maka, Injiniya, da ka ce wayar ce ta sha ruwa."

Ta shimfiɗa ta a teburin, gaban maƙwabtansa. Rasit ne, kwana biyu kafin rasuwar, ɗauke da hatimin shagon Injiniya da rubutun hannunsa: "An sa sabon batir."