Kifin Malam Ɗanjuma a Kan Garwashi

Tun da kifin gaske ya ƙare a ruwa, kifayen roba masu caji Malam Ɗanjuma yake zubawa a tafkinsa. Iyalai su zo hutu, su jefa fatsa, su kama kifi, su ɗauki hoto, su mayar.

Yau sai ga hayaƙi bayan bukkar baƙi. Ya ruga, ya tarar wata baƙuwa, Hajiya Tasalla, ta shafe babban kifinsa da yaji, ta ɗora a garwashi.

"Haba Hajiya! Sau nawa zan faɗa? Batir ne a cikinsa!"

"To in koma gida ba tsaraba? Me zan ce wa maƙwabta?"

Ya fizge kifin yana tsaki.

Jikar Hajiya ta ja mata zane. "Kaka, dama ana cin kifi?"