Hoton Da Babu Taurari

Kaka ta ture kofin shayinta, ta ƙura wa wayata ido. Hoton Kawu ne, ɗan sama jannati, a sararin samaniya, bayan tashinsa daga tashar kumbo ta Baikonur. Bayansa baƙi ƙirin.

"Ina taurarin? Kowane rai da tauraronsa. Na ɗana ya faɗi ke nan?"

Na ce, "Suna nan, Kaka. Haske mai ƙarfi ne ya danne su, kamar da rana."

"Ji 'yar boko! Wace fitila ce ta fi taurarin Allah?"

Na ja hoton da yatsa. Ga duniya, shuɗiya, tana sheƙi a rana.

"Mu ne, Kaka."

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗaga labulen tanti, ta dubi tumakinta.

"Ashe mu ne tauraronsa."