Ranar Yajin Asabe

Babu ƙasar da ta mutunta 'yancin yajin aiki kamar tamu. Tun da aka kafa Dokar Bin Layi, kowane ma'aikaci yana da ranarsa ta yaji, shi kaɗai, don gudun cunkoso. Idan ma'aikatarsa ta yi asara a ranar, a saurari kukansa. Idan ba ta yi ba, an gane ba a buƙatarsa.

Bayan shekara tara layi ya zo kan Asabe, ma'aikaciyar masaƙa. Malam Tanko, sakataren ƙungiyar ma'aikata, ya miƙa mata kwalin zanga-zanga ɗaya tilo da suka mallaka.

"Ki lallaɓa shi, Yaya Asabe. Wanda ya riƙe jiya ya yaga masa gefe."

"Shi yana ina?"

"Yana gida, yana hutawa."

Ta tsaya cikin da'irar da aka zana da farin fenti a bakin ƙofa. Ta taga tana hango ƙawarta Lantana tana fama da injina biyu, nata da na Asabe. Duk wanda ya sassauta hannu ya shiga yaji ba layinsa ba, ga Lantana da 'ya'ya huɗu.

Da la'asar allon ƙofa ya nuna an saƙa yadi fiye da na jiya.

Lantana ta fito tana share gumi, ta kasa haɗa ido da ita. Asabe ta cire katin aikinta ta ba maigadi, sannan ta miƙa wa Lantana kwalin.

"Gobe ke ce, ko? Ki zo da lema. Wurin ba inuwa."