Shafi na Goma Sha Huɗu

Ƙaramin ya sake yi mata tumbuɗi a kafaɗa, karo na uku ke nan tun da ta zauna a bencin awo. Maman Biyu ko duba wurin ba ta yi ba. Babban na goye a bayanta, da ƙyar ya yi barci, motsi kaɗan zai tashe shi. Wata huɗu ke nan rabonta da barcin awa biyu a jere.

Akwai asibiti a bakin layinsu, amma sai da ta hau mota biyu ta zo wannan, inda ba wanda ya san ta.

Talata ce ranar masu tagwaye. Benci uku, fanka ɗaya mai ƙara, sikeli a kan tebur. Gefen sikelin an tara wani ɗan littafi mai koren bango da ake ba kowace uwa kyauta, wai shi Renon Tagwaye Cikin Sauƙi. Tun zuwanta na farko aka ba ta nata. Yana can ƙasan jaka, ƙarƙashin nafkin, ba ta taɓa buɗe shi ba.

Matar da ke kusa da ita 'yan uku gare ta, biyu a cinya, ɗaya a baya. Ba za ta wuce shekara ashirin da biyar ba, amma idanunta sun faɗa. Nata littafin ya ci hannu, har bangon ya fara rabuwa.

"Yaya, don Allah ke kina iya bin tsarin nan?" ta tambaya ƙasa-ƙasa. "An ce a haɗa musu lokacin shan nono, a haɗa musu lokacin barci. Ni in wannan ya kwanta, wancan ya tashi. Babansu ya karanta, ya ce ga shi a rubuce, mata na yi, ni ce raguwa."

Maman Biyu ta gyara wa ƙaramin hula.

"Jiya banɗaki na shige na kulle, na bar su suna ta tsala ihu. Surukata ta ce tunda na gaza, in ba ta ɗaya ta tafi da shi. Yau zan ba ta amsa." Ta buɗe littafin tana bin layi da yatsa. "Ji fa. Uwa mai tsari ba ta..."

"Ba ta sanin gajiya," Maman Biyu ta ƙarasa mata. "Shafi na goma sha huɗu."

"Lamba tara!" Sista ta kira. Maman Biyu ta miƙe da katin awonta.

Sista yarinya ce mai zafin nama, farin kayanta ko ɗigon datti babu. Ta karɓi katin, idonta na kan layin nauyi kawai. Babban ya ƙaru, ta mayar da shi baya. Aka ɗora ƙaramin, allurar sikelin ta tsaya daidai inda ta tsaya wancan watan.

"Hajiya, kina bin jadawalin kuwa?"

"Ina iya ƙoƙarina."

"Ƙoƙari daban, bi daban." Sista ta ɗaga littafi ɗaya sama don kowa ya gani. "Matsalarku ke nan, a ba ku abu kyauta ku tura ƙarƙashin katifa. Wadda ta rubuta wannan ƙwararriya ce. Shekara uku ta yi tana bincike."

"Wata biyar," Maman Biyu ta ce a hankali. Ƙarar fanka ta haɗiye maganar.

Ta ɗauki ɗanta daga sikeli. Da a ce sauran ranakun ne, da ta sunkuyar da kai ta fice kamar yadda ta saba. Amma da ta juya sai ta ga mai 'yan uku ta rufe fuska da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa, yaran biyu na zamewa daga cinyarta.

Ta je ta tare ɗaya da gwiwa, ta zare littafin daga hannun matar.

"Ƙanwata, kar ki ba da ɗanki saboda wannan," ta ce, ba ta kuma rage murya ba. "In surukarki na son taimako, ta zo ta zauna ta riƙe miki su, ki samu ki runtsa. Babansu ma ya ajiye karatu ya ɗauki ɗaya. Hannu biyu Allah ya ba ki, yara uku. Ba ke kika gaza ba."

Wata tsohuwa da ta rako 'yarta ta ce, "Faɗa musu dai, 'yar nan."

"Wadda ta rubuta littafin nan ba ta taɓa wuni da jariri ko ɗaya ba," Maman Biyu ta ci gaba. "A ofis ta rubuta shi, da kofin shayi a gabanta. Ƙarfe huɗu na yi take rufe kwamfuta ta tafi gida ta miƙe ƙafa. Ta ɗauka yara kamar agogo ne, sai yadda aka saita su."

"Hajiya, ƙazafi ba kyau," Sista ta ce, ranta a ɓace. "Baiwar Allah ta yi aikin alheri, kin zo kina ɓata ta. Kin san ta ne?"

Babban ya fara kuka. Ƙaramin ya taya shi. Maman Biyu ta tsaya tana jijjiga su, na gaba da na baya, har ta samu hannu ɗaya ya kuɓuta. Ta jawo katin awon daga gaban Sista, ta ajiye shi kusa da koren bangon, ta ɗora yatsa a layin sunan uwa.

Sista ta dubi katin, ta dubi littafin. Suna ɗaya ne, harafi da harafi.