Wanda Ya Yanke Sobolak

Duk wanda ya taɓa cin tuwo a gidan Koci Longji a Greensboro ta ƙasar Amurka ya san tarihin Marek Sobolak, ko yana so ko ba ya so. Kafin a kawo miya an haifi Sobolak a Poland. Kafin a kawo nama iyayensa sun koma da shi Jamus, ya zama ɗan ƙwallo mai tsaron baya a rukuni na biyu, irin wanda 'yan gaba ke yin addu'a kafin su tunkare shi. Ana wanke hannu sai a iso wurin da ake jira: ranar da wani yaro ɗan Pankshin ya yanke Sobolak har ya zauna daɓas, ya wuce ya jefa ƙwallo a raga.

Yaron nan, ba sai an faɗa ba, Longji ne.

Da wannan yanka guda ya riƙe usur ɗin ƙungiyar ƙwallon 'yan Najeriya shekara da shekaru, ya samu kujerar gaba a coci, ya kuma auri Roseline. Jamus kam ya je, kar a ci haƙƙinsa. Kwanuka ya wanke a wani gidan abinci, Sobolak kuwa a 'yar talabijin ɗin kicin ya san shi, wadda maiƙo ya rufe har ba a bambanta ɗan wasa da alƙalin wasa. Wannan ɓangaren tarihin ba a kawo shi da tuwo.

Sai Allah ya haɗa shi da Fredrick, wani matashi mai lodin kaya a unguwar Wendover, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan usur ɗin. Fredrick ne ya jiyo cewa a unguwar Sedgefield akwai wani Bature mai koya wa 'ya'yan masu kuɗi ƙwallo, tsohon ɗan wasan Jamus, sunansa Marek Sobolak. Ga shi kuma a al'adarsu, duk ranar ɗaya ga Oktoba suna karawa da 'yan Ghana, kuma dole a gayyato babban baƙo ya yi bugun farko.

"Baba Koci, bana mun yi maka sofirais," in ji Fredrick a gaban kwamiti, yana murmushin mugunta. "Tsohon abokin karawarka ne babban baƙonmu. Zai ba mu labarin yankan nan da bakinsa."

Aka yi tafi. Longji ma ya tafa, don babu yadda zai yi da hannuwansa.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ya ga usur a wuyan Fredrick, ya ga kansa a kujerar baya, ya ga idon Roseline. Ya gwada kwanciya da maleriya, Roseline ta tuna masa cewa sauron North Carolina ba ya wannan aikin. Ita har ta ɗinka musu anko.

Ranar wasa baƙo ya zo a makare, ya kuma daɗe a cikin mota kafin matarsa Ba'amurkiya ta jawo shi waje, tana taƙama kamar ita ta ci kofi. Ga sanƙo, ga tumbi, ga gumi ya jiƙa masa riga a cikin wannan sanyin safiya. Longji bai yi mamaki ba. Shekara talatin ba wasa ba ce, shi ma ai rigarsa jiƙe take.

Fredrick ya ɗauki makirfo. "Mista Sobolak, ka gane wannan mutumin?"

Har 'yan Ghana suka daina ganga. Bature ya ƙura wa Longji ido. Longji ya lalubo ɗan Jamusancin da ya rage masa daga kicin, ya yi masa barka da zuwa a cikin muryar wanda ake kaiwa rataya. Sai kawai baƙo ya faɗo ya rungume shi.

"Shi ne!" ya ce da Turanci. "Har yau ina mafarkin abin da mutumin nan ya yi mini!"

Roseline ta rangaɗa guɗa. Da aka ajiye wa baƙo ƙwallo ya dafa gwiwa, ya ce likita ya hana. Longji, da jini ya dawo masa jiki, ya karɓe makirfo ya sanar da jama'a cewa ai a ranar yankan ne gwiwar ta lalace. Baƙo ya gyaɗa kai da ƙarfi. 'Yan Ghana suka zura musu huɗu kamar kowace shekara, babu wanda ya damu. Fredrick ya ƙare da rabon ruwa.

Da aka tashi, Longji ya bi baƙon wurin ajiye motoci, idonsa taf da ƙwalla. Bai taɓa ganin mai rufin asiri irin wannan ba: babban ɗan wasa ya yarda ya zubar da sunansa don wani tsohon maƙaryaci da bai taɓa gani ba. Ya buɗe baki zai yi godiya, Bature ya riga shi, ya damƙe hannuwansa biyu yana waiwayen matarsa.

"Na gode da ka rufa mini asiri, Koci," ya ce cikin raɗa. "Kai da ka kara da Sobolak na gaskiya, na san kallo ɗaya ka yi mini ka gane suna kawai muka haɗa. Don Allah kar matata ta ji, ni ko Jamus ban taɓa zuwa ba."